Emeka da Ɗakin Batura

Ranar da Sadiq ya ce a gabana, muna cin tuwo a falo, wai "mutanen nan da suka sayar da kai," yana nufin Ibo, sai na ajiye lomata. Na wanke hannuna na tashi. Mahaifiyarku ta ɗauka ciwon cikina ne ya motsa, har ta biyo ni da kanwa a kofi. Ba ciki ba ne. Na gane ne a ranar cewa ƙaryar da aka shuka a unguwarmu tun kuna ƙanana ta girma tare da ku, har ta yi gemu kamar yadda Sadiq ya yi. Don haka a wannan babi ba zan dame ku da makarantun da na yi ba. Zan ba ku labarin shekarar da aka kama ni, da na mutumin da kuke zagi ba ku san shi ba.

Kun san dai Baba malamin kimiyya ne mai zama gaban kwamfuta, amma ban taɓa jin ɗayanku ya iya faɗin abin da nake yi ba. Ban ga laifinku ba, don kakarku Dada har ta koma ga Allah cewa take yi ina kallon ƙwallaye gwamnati tana biyana. Akwai wani sinadari da ake kira polima, shi ne asalin roba da leda, siffarsa doguwar sarƙa ce da ido ba ya gani. Irin wanda na ƙware a kansa sarƙarsa kashi biyu ce. Ku ɗauka carbi ne, rabin 'ya'yansa ja, rabi shuɗi. Jajayen ba sa son zama kusa da shuɗɗan, kamar mai da ruwa, amma zare ɗaya ya ɗaure su, ba damar rabuwa. In ka zuba irin wannan carbi da yawa wuri ɗaya ka ƙyale su, da kansu suke shirya kansu ba mai taɓa su. Wani lokaci su yi layi-layi kamar kunyoyin gona, wani lokaci su yi ƙananan bututu a jere. Bututun nan nake nema. Duk wanda ya tashi a Gombe ya san wahalar ruwa, ni kuwa burina shi ne a samu wata 'yar fata mai ƙananan huji daidai wa daida da za ta tace gurɓataccen ruwa ya shawu.

Ba mu da ɗakin gwajin da zai iya wannan aiki, sai na koma kwaikwayonsa a kwamfuta. Ita ma kwamfutar ba za ta iya bin kowace ƙwayar atom ɗaya bayan ɗaya ba, ko da jikokina za su gaji aikin ba za a gama ba. Dabarar ita ce dunƙulewa. Ka tara ƙwayoyi masu yawa ka mai da su ƙwallo ɗaya, ka ba shi launi, ka manta da duk sauran halinsa. Ja ne ko shuɗi, shi ke nan. Sai ka gaya wa na'ura yawan ƙiyayyar da ke tsakanin launukan biyu, ka sake su, ka jira. Jiran nan makonni ne, wani lokaci watanni. In wuta ta ɗauke a tsakiya kuwa, tsofaffin na'urorina sukan lalata abin da suka ajiye, in koma baya in sake. A wurin aiki wuta baƙuwa ce, shi ya sa na kwaso tsofaffin kwamfutoci na jera su a ɗakin baya na gidanmu na gado a Manawashi, ɗakin da yanzu mahaifiyarku take ajiye buhunan masara.

A nan Emeka ya shigo rayuwata. Mai aikin wuta ne, Ibo, Kirista, gidansa a unguwar Bagadaza, shagonsa kusa da kasuwa. Tun yana goye iyayensa suka zo da shi Gombe, Hausarsa ta fi tawa daɗi, ga Fillanci da yake tsokanar Dada da shi har ta yi dariya ta rufe baki da mayafi. Shi ya nemo mini baturan mota manya-manya, ya jera su a kan katako, ya haɗa su da faranti na hasken rana a kan rufi, ya bi bango da wayoyi ja da baƙi. Mutum ne mai taurin kai a kan aikinsa. Ko waya ɗaya ya ga ta karkace sai ya cire ya sake, in na ce masa ai tana aiki, sai ya ce shi ba ya barin aikinsa a karkace. Ranar da ya fara ganin ƙwallayen suna yawo a allon kwamfuta ya daɗe a tsaye da filaya a hannu.

"Dokta, yanzu duk wahalar nan don waɗannan alewar ne?"

"Su ne za su ba ka ruwan sha wata rana."

"To su yi sauri. Matata ta gaji da mai ruwa."

Sai shekarun nan suka zo. Ba sai na ba ku labarinsu duka ba, kun ji su a bakin kowa. Abin da muke ji a rediyo daga Borno da Yobe ya gangaro ya same mu har gida. Bam ya tashi a inda ake sayar da abinci, ya tashi a inda ake shiga mota. Aka toshe hanyoyi da buhunan yashi, aka fara laluben mutane a ƙofar masallaci da ƙofar coci. Mutumin da ka sani tun yarinta sai ka ga yana kallon jakarka kafin ya kalli fuskarka. Ibo suka fara ɗaure kaya suna komawa kudu. Kuma aka yi ta yaɗa cewa duk gidan da aka samu kayan haɗa bam a ciki, rushe shi ake yi, a kwashe mazan gidan gaba ɗaya. Wanda aka kwasa kuwa, ba kasafai ake sake jin ɗuriyarsa ba.

Gidanmu, kamar yadda kuka sani, sashe biyu ne. Mu a ɗaya, yayana Hamma Sale, wanda kuke kira Bappa, a ɗaya da iyalinsa, Dada a tsakiya. Ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai tsoron fitina, wanda ya sayar da shanunsa ya biya mini kuɗin makaranta bayan rasuwar mahaifinmu. Wata rana da hantsi ya shigo ɗakin baya neman tsani. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon baturan, da wayoyin, da fankokin da ke kuka dare da rana.

"Usmanu, wannan ɗakin naka ba ya kwanta mini."

"Aikin makaranta ne, Hamma."

"Na sani. Amma wanda bai sani ba fa? Ka kashe su na ɗan lokaci, har ƙura ta lafa."

"In na kashe yanzu, aikin wata da watanni ya tafi a banza. Saura kaɗan."

Ya ɗauki tsaninsa ya fita. Ni kuwa na koma kan kujerata ina mita a raina, cewa ilimi ya zama abin tsoro a gidan da aka sayar da shanu don a same shi.

Sun zo ne wata safiya, ku kuna makaranta, mahaifiyarku tana shanya. Motoci biyu, mutane da bindigogi, fuskokinsu a rufe. Ba su tambayi kowa hanya ba, kai tsaye suka nufi ɗakin baya. Wannan ya tsaya mini a rai tun a lokacin, amma tsoro bai bar ni na yi tunani a kansa ba. Ɗaya ya sa wuƙa ya datse wayoyin Emeka, na ji fankokin sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Abin kunya ne in faɗa, amma da bakin bindiga a ƙeyata abin da na fara ji shi ne takaicin aikina. Sai da na ji kukan Dada tana kiran sunana na yarinta, sannan na gane ba aikin ne zai tafi ba, ni ne. Aka rufe mini fuska da rigata aka jefa ni bayan mota tare da kwamfutocin.

Inda suka kai ni ba zan kwatanta muku shi sosai ba. Ɗaki ne da ya cika da mutane har ba wurin miƙe ƙafa, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka daina ƙirga kwanaki. Da aka fito da ni wurin tambaya, na tarar sun kunna ɗaya daga cikin na'urorina, ga hoton ƙarshe da ta ajiye a kan allo: jajaye a gefe, shuɗɗa a gefe, layuka suna lanƙwasa a tsakaninsu. Jami'in da ke tambayata, wani dogo mai jajayen idanu wanda da gani ya daɗe bai yi barcin kirki ba, ya nuna allon da sandarsa.

"Taswirar ina ce wannan?"

"Ba taswira ba ce, ranka ya daɗe. Sinadari ne."

"Nan ja, nan shuɗi. Ja su wane ne? Shuɗi su wane ne? Wannan layin ba hanyar kasuwa ba ce?"

A duk shekarun da na yi ina kallon hotunan nan ban taɓa ganin unguwa a cikinsu ba, amma da ya faɗa sai na ga yadda mutum mai tsoro zai gani. Na fara yi masa bayanin carbi da mai da ruwa. Kun san halina in ana musu da ni a kan abin da na sani. Muryata ta hau, na ce masa ko ɗan aji ɗaya ba zai kira wannan taswira ba. Marin da na sha a nan shi ya sa har yau in kuna mini magana nake juyo muku da kunnen dama. Ya dubi gemuna, ya dubi wandona, ya ce ya ga irina da yawa, masu digiri sun fi haɗari. Ni da na ƙare rayuwata ina dunƙule abubuwa ina ba su launi, ranar na ga yadda ake ji in an dunƙule mutum. Bai ga Usmanu ɗan Dada ba, gemu ya gani da batura.

Abin da ya faru a waje daga baya mahaifiyarku ta ba ni labari. A ranar da aka kama ni Emeka ya riga ya rufe shago, ya ɗaure kayansa, washegari zai tafi da iyalinsa garinsu. Suna tasha, kaya a kan mota, wani ya ba shi labari. Ya sa matarsa da 'ya'yansa a mota, ya ce su yi gaba zai biyo su. Matar ta riƙe rigarsa tana kuka a gaban jama'a, ya ɓamɓare hannunta. Ya zo gidanmu ya tambayi inda aka kai ni, ba wanda ya sani tabbas, ya yi ta bi yana tambaya har ya gano. Sannan ya yi abin da ko 'yan'uwana na jini ba su yi ba, ya je ƙofar wurin da ƙafarsa ya ce shi ne ya haɗa baturan, a kama shi. Suka kuwa kama shi. Da aka turo shi cikin ɗakinmu ban gane shi ba sai da ya yi magana, don fuskarsa ta kumbura, yatsunsa biyu na hannun hagu sun karye.

"Dokta, ashe nan ka ɓuya."

"Emeka, me ya kawo ka? Ka haukace ne?"

"An ce an yanka mini waya. Na zo in ga wanda ya yanka."

Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Kwanaki suka yi ta fitar da shi suna tambaya, yana maimaita magana ɗaya: batura na wuta ne, Dokta ƙwallaye yake kallo, shi ya san gidan ciki da waje. Kada ku ɗauka bayaninsa ne ya fitar da ni, don bai faɗi abin da ban faɗa ba. Sunansa ne ya fitar da ni. Sun kasa gane yadda Ibo mai zuwa coci, wanda 'yan'uwansa ke gudu daga gari, zai kawo kansa don ya kare mai gemu, in ba gaskiya yake faɗa ba. Yadda aka dunƙule ni aka kama, haka aka dunƙule shi aka yarda. Wannan ya ba ni haushi a lokacin, har yau ma yana ba ni.

Ranar da za a sake mu, dogon jami'in ya miƙo mini tabarauna da suka fashe gefe ɗaya. Ya yi magana a sake, kamar mai ba ni labarin farashin gero.

"Ka je ka gode wa Allah. Ka kuma gode wa yayanka, ɗan ƙasa nagari ne. Da kowa zai kawo rahoton gidansu kamar shi, da aikinmu ya yi sauƙi."

Na ɗauka kunnen da ya mara ne ya yaudare ni. Na juyo da na dama na ce ya maimaita. Ya maimaita, har da suna. Emeka ya tallafe ni da hannunsa mai lafiya muka fita. Duk dukan da na sha a wurin bai kai wannan ba. Muka kama hanya. Sai da muka kusa gida Emeka ya ce, a hankali, tsoro ba ya tambayar wa ya haife ka, in bi a sannu.

Ban bi a sannu ba. Na tarar da gida cike da masu barka, na ratsa su na shiga ɗakin Dada, na sa aka kira Hamma Sale. Da ya ga fuskata ya san na sani. Ya zauna a ƙasa kamar an sare shi.

"Cewa na yi su zo su duba kawai, Usmanu. Su duba su ga ba komai, su rubuta gidanmu lafiya yake. Kafin wani ya riga ni kai ƙara a rushe mu gaba ɗaya. Wallahi ban san haka za su yi ba."

"Ka kai ni da hannunka, Hamma."

"Yara na duba. Naka da nawa."

Dada ta kama ƙafata, tsohuwar da ta haife ni ta kama ƙafata, ta ce in dai nononta na sha, kada sunan Sale ya fita daga ɗakin nan muddin ɗayansu yana numfashi. Ta ce in gari ya ji, ba shi ba kasuwa, ba 'ya'yansa ba aure. Na yi mata alkawari. Na fito ina amsa barka da bakin da ba na jin nawa ne.

Washegari na ɗauka Emeka ya kama hanya. Sai ga shi da hantsi da jakar kayan aikinsa, yatsu a ɗaure da tsumma. An dawo mini da wasu daga cikin kwamfutocin, baturan kuwa suna nan yadda aka bar su, wayoyi a datse suna reto.

"Emeka, iyalinka suna jiranka. Ka tafi yau. Zan nemi wani ya haɗa."

"Wani? Ya zo ya karkata mini waya? Dokta, ban taɓa barin aikina a yanke ba. Yau in gama, gobe in tafi."

Na yi masa faɗa, mahaifiyarku ta roƙe shi, ya yi kamar bai ji ba. Ni na riƙe masa filaya, shi yana murɗawa da hannu ɗaya yana cije leɓe. Da ya gama ɗakin baya sai ya ce akwai sauran waya, bari ya ja layi ɗaya zuwa falo, yara su daina karatu da aci-balbal. Ya huda bango, ya sa soket, ya rataya ƙwan fitila. Kuna nan a ranar, Maryam har ta yi tsalle da fitilar ta kama, amma kun yi ƙanƙanta ku tuna. Dada ta aiko masa da fura, ya sha, ya yi mata sallama da Fillanci. Ya ƙi karɓar ko sisi.

Da safe na so in raka shi tasha, ya ce in zauna in ji da ƙwallayena, fuskata ma ba ta fita ba ce. Na kunna na'urorin, na sake sakin ja da shuɗi daga farko. Ina zaune fankoki suna kuka, sai na ji ƙarar. Ba kusa ba ce, amma tagar ɗakin ta girgiza, ƙura ta zubo daga rufi a kan allon. Kaji suka yi ta kuka a tsakar gida. Na san daga wane gefen gari ta fito. Na fita da gudu ba takalmi, ni da ko a yarinta ba a san ni da gudu ba. Ba zan gaya muku abin da na gani a tashar ba. Da jakar kayan aikinsa na gane shi, da tsumman da ke ɗaure a yatsunsa. 'Yan'uwansa Ibo suka ɗauki gawar zuwa garinsu. Na so in bi su, dattijonsu ya riƙe hannuna ya ce ba yanzu ba, hanya ba ta da kyau ga mai kama da ni.

Kafin a yi bakwai magana ta zaga Manawashi. An ga Emeka yana shiga wurin jami'an tsaro da ƙafarsa, an ga iyalinsa sun bar gari a lokacin da aka kama ni, shi ke nan aka haɗa aka ce shi ya kai ni, har da masu cewa alhakina ne ya kama shi a tasha. Na tsaya a ƙofar masallaci na rantse cewa ƙarya ce. Sai a ce mini, to wa ya kai ka? In yi shiru. Shirun nan suka ɗauka kara ce nake yi wa mamaci. Hamma Sale yana cikin sahu yana ji, kansa a ƙasa. Bai taɓa cewa Emeka ne ba, wannan zan shaide shi, amma bai taɓa cewa ba shi ba ne. Ya ci gaba da kawo muku kayan sallah, ku kuna rige-rigen hawa cinyarsa. Ban hana ku ba, don yana son ku da gaske, kuma tsoron da ya sa shi yin abin da ya yi, ku yake ji wa. Na yafe masa kafin ya rasu, ya kuma san na yafe.

Aikin ya ƙare bayan wasu watanni. Bututun sun fito a jere, yadda na yi shekaru ina fata. Na kalle su ban ji komai ba. Wasu abokan aikina da suka san labarin sukan so su mai da ja da shuɗin nan wa'azi a kan zaman tare, ni kuwa ba na so. Ƙwallaye ba mutane ba ne. Ƙwallo ba ya sauka daga mota ya bar matarsa tana kuka.

Dada ta rasu, Hamma Sale ya bi ta bara, alkawarina ya cika. Ban rubuta wannan don ku juya wa 'ya'yan Bappa baya ba, duk wanda ya yi haka a cikinku ban yafe ba. Na rubuta ne don bakinku ya daina abin da yake yi. Sadiq, ranar da ka yi maganar nan wayarka ta hannu tana jone a bango bayan kujerarka, ina kallonta. Baturan an canja su ba sau ɗaya ba, amma wayar da ke cikin bangon ba wanda ya taɓa ta. Ka je ka duba ta, ba ta karkace ba ko kaɗan. Emeka ne ya ja ta da hannu ɗaya, ranar da ya kamata a ce yana kan hanyar gida.